Fatsar Wasa a Tekun Senegal

Ƙasar Nijar ba ta da teku. Daga Yamai zuwa Kwatano, inda ake ganin ruwan gishiri, tafiyar ta fi kilometir 1000. Kifin da yaran Nijar suka sani shi ne na kogin Isa, da tabkin Cadi, da tabkin Madarumfa: giwan ruwa, da tarwaɗa, da karfasa. Amma cikin teku akwai kifayen da suka fi bijimi nauyi. Wasu mutane sukan shiga jirgi su neme su da fatsa don wasa da gwada gwaninta. Wannan shi ake kira fatsar wasa.

1. Masunta iri biyu

Dakar, babban birnin Senegal, yana bakin tekun Atalantika. Ruwa ya kewaye shi ta gefe uku. A unguwannin Yof da Ngor da Sumbejun akwai masunta na gado, ƴan ƙabilar Lebu. Suna fita da manyan kwale-kwale masu ado, suna jefa taru. Kifin da suka kamo shi ne abincinsu, shi ne kuma kuɗin tufafin ƴaƴansu.

Mai fatsar wasa daban yake. Sanda ɗaya gare shi, da kwarkwaro mai naɗe dogon zare, da ƙugiya. Yakan yi hayar jirgi mai inji tare da matuƙi wanda ya san teku. Burinsa shi ne ya kama babban kifi guda ɗaya da ƙarfin hannunsa. A bikin su na Argungu ma, wanda ya kama kifi mafi nauyi shi ake ba kyauta. Sai dai can da koma da gora ake shiga ruwa, nan kuwa zare ɗaya ne tsakanin mutum da kifi.

2. Lokacin sanyi da lokacin ɗumi

Wanda bai san halin ruwa ba ya ga teku iri ɗaya ce kullum. Ba haka ba ne. Tekun Senegal tana da lokaci biyu.

Daga Disamba zuwa Mayu iska takan buso daga arewa. Tana ture ruwan sama, ta nisanta shi da gaɓa. Sai ruwa mai sanyi ya taso daga ƙasa ya maye gurbinsa. Ɗumin ruwa yakan sauka ƙasa da digiri 20. Wannan ruwa mai sanyi yana ɗauke da abin da ke ciyar da teku, kamar yadda taki ke ciyar da gona. Wasu mitsi-mitsin tsirrai da ido ba ya gani sukan yaɗu cikinsa, har ruwan ya koma kore. Ƙananan halittu su ci tsirran, ƙananan kifaye su ci halittun. Cikinsu akwai wani ɗan'uwan sardin wanda mutanen Senegal ke kira yaboy.

Daga Yuni zuwa Oktoba, wato da damina, iskar arewa takan kwanta. Ruwa mai ɗumi ya zo daga kudu, ɗuminsa ya kai digiri 27 ko 28. Launinsa shuɗi ne, garau. Manyan kifaye masu son ɗumi sukan biyo shi, suna farautar ƙanana. Wannan ne lokacin fatsar wasa.

Ashe sarƙa ce: iska ta motsa ruwa, ruwa ya kawo abinci, ƙaramin kifi ya bi abinci, babban kifi ya bi ƙarami, mai fatsa kuma ya bi babba.

3. Yadda matuƙi ke karanta teku

Jirgi yakan tashi da sassafe. Kafin nan matuƙi ya saurari labarin yanayi, don hadarin damina yana tasowa farat ɗaya, ya tayar da manyan igiyoyin ruwa. Kowa ya sa rigar da ke hana nutsewa.

A hanya matuƙi yana duba abubuwa uku. Na farko launin ruwa: yana neman inda kore ya haɗu da shuɗi, don nan mafarauta ke taruwa. Na biyu tsuntsaye: idan sun yi cincirindo suna faɗawa ruwa, to manyan kifaye ne suka koro ƙanana zuwa sama. Na uku itace ko ciyawa da ke yawo bisa ruwa: ƙananan kifaye suna fakewa a inuwarsu, manya kuma suna zagayawa.

In an isa, sai a saki zare a bayan jirgi. A jikin ƙugiya akwai ƙaramin kifi, ko wani abu mai walƙiya da aka yi shi kamar kifi. Jirgi yana tafiya da gudu irin na keke, yana jan ƙugiyar. Wani lokaci a yini ba a ga kome ba. Mai fatsa sai da haƙuri.

4. Abin da ake kamawa

Kifin da ya fi suna a Dakar shi ne kifi mai tuta. Bakinsa dogo ne mai tsini. A bayansa akwai babban fiffike wanda yake buɗewa kamar tuta in yana koro ƙananan kifaye. Da bakin nan yake makarsu kafin ya haɗiye. Tsawonsa yakan wuce metir 2, nauyinsa yawanci kilo 20 zuwa 40. A 2014 an kama wani a Lobito, ƙasar Angola, mai kilo 64 da ɗori.

Akwai kuma kifi mai mashi, wanda ya fi shi girma nesa ba kusa ba. Macen ta fi namijin girma ƙwarai. Ƙungiyar duniya ta masu fatsar wasa, IGFA, wadda aka kafa a 1939, ita ke rubuta nauyin manyan kifaye. A 1992 ta rubuta wani kifi mai mashi da aka kama a Bitoriya, ƙasar Barazil, mai kilo 636. Wannan ya fi nauyin manyan buhunan gero shida.

Ana kuma kama kifin ton, da wani mai launin zinariya da kore da ake kira korifen.

Idan babban kifi ya cafki ƙugiya, zare yakan zube daga kwarkwaro da ƙara. Kifin ya yi tsalle sama, ya girgiza kai, ya nutse. Mai fatsa ba ya ja da ƙarfi, don zaren zai tsinke. In kifi ya gudu, ya sakar masa. In ya gaji, ya naɗo zare kaɗan-kaɗan. Da kifi mai mashi, wannan kokawa takan ɗauki awoyi.

5. Teku ma tana gajiya

Kifin teku yana da iyaka. A Senegal akwai wani kifi mai daɗi, cof, wanda aka saba dafa shinkafa da shi. Yawan kamu ya sa ya yi ƙaranci, ya yi tsada. Yaboy, abincin talaka, shi ma ya ragu, don manyan jirage suna kwasa, masana'antu kuma suna niƙa shi ya zama abincin dabbobi. In ƙaramin kifi ya ƙare, babba ba shi da abin ci, masunci kuma ya koma gida da kwale-kwale wayam.

Shi ya sa masu fatsar wasa da yawa suke sakin abin da suka kama. Suna amfani da ƙugiya mai kama da zobe, wadda ke maƙalewa a gefen baki, ba ta shiga ciki. In kifi ya zo gefen jirgi, a auna tsawonsa, a cire ƙugiya. A riƙe bakinsa cikin ruwa, jirgi yana tafiya sannu, har ƙarfinsa ya dawo. Wani lokaci a maƙala masa ƴar alama mai lamba. In an sake kama shi a wata ƙasa, masana su gane nisan tafiyar da ya yi. Mace guda da aka saki tana iya zuba ƙwai miliyoyi.

Kalmomi

teku: la mer
gaɓa: la côte
ƙugiya: l'hameçon
kwarkwaro: le moulinet
kifi mai tuta: l'espadon voilier
kifi mai mashi: le marlin

Tambayoyi

1. Mene ne bambancin masuncin gado da mai fatsar wasa?
2. Don me ruwan tekun Senegal ke yin sanyi daga Disamba zuwa Mayu?
3. Waɗanne abubuwa uku matuƙi ke dubawa?
4. Kifi mai kilo 636 ya fi mai kilo 64 da kilo nawa?
5. Don me ake sakin kifi bayan an kama shi?
6. Ku tambayi wani masunci na yankinku: a wane lokaci kifi ya fi yawa, kuma don me?