Tsakuwar Ƙoda: Yanzu Ana Cire Ta Ba Sai An Tsaga Kwiɓi Ba

A bazarar bara na je duba wani manomi a wani ƙauye tsakanin Gaya da Ajingi. Na tarar da shi yana birgima a kan tabarma, ya dafe kwiɓinsa na dama, ciwon kuma yana gangarowa har mara. An yi masa ƙaho, ya sha jiƙo iri-iri, da aka ga jini a fitsarinsa kuwa sai aka ce tsargiya ce, tun da yake cutar ba baƙuwa ba ce ga masu shiga kogin Wudil. Sai da aka ɗauki hoton cikinsa aka ga ashe tsakuwa ce ta fito daga ƙoda ta toshe hanyar fitsari. Da aka ce ya tafi Kano sai ya ƙi, don ya san wani dattijo da aka yi wa wannan aiki shekarun baya, tabon wuƙar ya kusa kai taƙi guda.

To, mai karatu, wannan tsoro yana da dalili, amma aikin ya sake. Tsakuwar da ba ta wuce milimita 5 ba, yawanci takan fita da kanta idan aka sha ruwa da magani. Wadda ta maƙale kuwa, likita yakan zura wata siririyar na'ura mai fitila da kyamara a bakinta, ta bi ta inda fitsari ke fitowa, ta ratsa mafitsara, ta hau har inda tsakuwar take, mara lafiya yana barci bai san ana yi ba. Daga nan sai a farfasa ta da hasken leza, a kwaso gutsattsarin da wani ɗan kwandon waya mai buɗewa da rufewa. Babu yanka ko kaɗan, kuma sau da yawa akan sallami mutum a ranar ko kashegari.

Idan tsakuwar ta wuce santimita 2 tana zaune cikin ƙodar, wata hanya ake bi. Akan huda baya, huda wadda ba ta fi santimita guda ba, a sa bututu har cikin ƙoda a fasa ta a tsotso. Likitoci biyu a ƙasar Suwidin, Fernström da Johansson, su ne suka fara bayyana wannan aiki a 1976. Ya fi share babbar tsakuwa a zama ɗaya, amma fa ya fi zubar da jini, wani lokaci har a yi ƙarin jini, kuma sai an kwana biyu ko uku a asibiti. Akwai kuma injin da ke fasa tsakuwa daga wajen jiki, wanda aka fara gwadawa a kan mutum a birnin Munich na Jamus a 1980, sai dai bai cika cin tsakuwa babba ko mai tauri ba.

Abin da nake so mutanenmu su riƙe shi ne, kyawun na'ura ba ya maye gurbin zuwa da wuri. Ƙodar da fitsari ya daɗe yana taruwa a cikinta takan kumbura ta lalace, wani lokaci ma bayan ciwon ya lafa mutum yana zaton ya warke. In kuwa zazzaɓi da rawar ɗari suka haɗu da ciwon kwiɓi, to kada a jira gari ya waye. A nufi Babban Asibitin Gaya, in an tura mutum gaba ya tafi. Likitocin mafitsara suna Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da Asibitin Abubakar Imam, su ne za su faɗi irin aikin da ya dace da girman tsakuwar.

Saura magana guda wadda ta fi damuna. Bayan aikin akan bar wani siririn bututun roba tsakanin ƙoda da mafitsara don fitsari ya sami hanya, a ce wa mutum ya dawo bayan 'yan makonni a cire. Mutumin ƙauye da ya ji sauƙi, ga damina ta faɗi, ga kuɗin mota, sai ya ce ai an gama. Robar nan in ta yi watanni a ciki, sabuwar tsakuwa ce ke daskarewa a jikinta, cire ta kuma ya fi aikin farko wuya. Bugu da ƙari, wajen rabin waɗanda suka taɓa yin tsakuwa takan dawo musu cikin shekara 10, saboda haka a rage gishiri, a tafi gona da jarkar ruwa, a sha har fitsari ya yi fari.

Mutumin nan dai ƙanensa ne ya lallashe shi, suka sayar da awaki suka tafi. An cire tsakuwar ba tare da yanka ba. Matarsa ta sa ɗansu ya rubuta ranar komawa da gawayi a bangon ɗaki, da ranar ta zo kuwa ana tsakiyar noman fari, ita ce ta ɓoye masa fartanya.