Idon ɗan kifi

Yara, kun san tarwaɗa, kun san karfasa. Masunta suna kama su a tabkunan Korama, a kawo su kasuwar Matameye. In kun duba idon kifi, za ku ga ba shi da fatar ido. Ba ya ƙiftawa, ko barci yake yi idonsa a buɗe yake. To, yaushe kifi ke fara gani? Domin mu sami amsa, bari mu fara da kifin teku.

Teku ruwa ne mai gishiri, mai faɗi ƙwarai. Babu shi a ƙasarmu, sai an je Kwatano ko Legas. Yawancin kifayen teku ba su renon ƴaƴansu. Mace ta zuba ƙwai cikin ruwa, ta yi tafiyarta. Akwai kifin da macensa ɗaya ke zuba ƙwai fiye da miliyan 1. Kowane ƙwai faɗinsa kamar milimetir 1 ne, bai kai ƙwayar hatsi ba.

Ran da ƙwan ya fashe, ɗan kifi ya fito. Tsawonsa milimetir 2 zuwa 5 ne. Jikinsa garau yake kamar kwalba. Bakinsa bai buɗe ba tukuna. Yana da idanu biyu, amma ba su yi baƙi ba, kuma ba su aiki sosai. Me yake ci ke nan? A ƙarƙashin cikinsa akwai ƴar jaka cike da gwaiduwa. Ita ce guzurinsa.

Guzurin nan ba ya daɗewa, na kwanaki kaɗan ne. Cikin kwanakin nan ido yake yin baƙi, baki kuma ya buɗe. Baƙin ido yana da amfani babba. Shi ke tare hasken da ke shigowa ta gefe da ta baya, ya bar na gaba kaɗai. Ta haka ɗan kifi ke gane siffar abin da ke gabansa.

Abincinsa ƙananan halittu ne masu yawo cikin ruwa, waɗanda da ƙyar idonmu ke ganinsu. Sai ya ga abu kafin ya kai masa cafka. Da farko ba ya hangen nesa, sai abin da ke dab da shi, kamar tsawon jikinsa. Sau da yawa yana kai cafka ya kuskure. In guzuri ya ƙare bai sami abinci ba, ƙarfinsa ya tafi, yunwa ta kashe shi. A shekarar 1914, wani masani na ƙasar Norwe, Johan Hjort, ya bayyana cewa kwanakin nan na farko suna iya sa kifi ya yi yawa ko ya yi ƙaranci a shekarun da ke tafe.

A can bayan ido akwai wata shimfiɗa mai karɓar haske. Tana da ƙwayoyi iri biyu: masu aiki da hasken rana, da masu aiki cikin duhu-duhu. Mu ma muna da su duka biyu. A yawancin kifayen teku, na rana ne ke fara fitowa, na duhu sai daga baya. Saboda haka ɗan kifi da rana yake kiwo, a sama-saman ruwa inda haske ke kaiwa. Yana girma, idonsa na girma, ganinsa na ƙara nisa.

Akwai wani kifin teku mai ban mamaki, ana ce masa sol. Shi mai faɗi ne kamar ganye. Yana ƙarami, idonsa ɗaya na dama, ɗaya na hagu, kamar kowane kifi. Bayan kamar mako biyu, ido ɗaya ya riƙa matsawa sannu-sannu, ya haye bisa kai, ya koma kusa da ɗan'uwansa. Sa'an nan kifin ya sauka ƙasan teku, ya kwanta bisa rairayi, idanunsa biyu suna duban sama.

Yanzu mu komo gida. Kifayen tabkunanmu ma da guzurin gwaiduwa suke fitowa, amma kowa da dabararsa. Uwar karfasa tana ɗauke ƙwanta cikin baki. Tana riƙe da su har kusan mako biyu, ba ta cin abinci. Sai ƴaƴan sun iya gani, sun iya iyo, take sakinsu. In sun ga abin tsoro, su ruga su koma bakinta. Ita kuwa tarwaɗa idonta ƙarami ne. Gashin bakinta ke taimakonta, da shi take laluben abinci cikin taɓo da duhu.

Kun ga dai ɗan kifi yana shan wuya kafin ya girma. Cikin dubbai, kaɗan ne ke tsira. Don haka kada mu ƙara masa wahala. Kada mu tace tabki da gidan sauro ko da zane, gama yana kwashe ƴan kifi duka. Kada mu wanke gwangwanin maganin ƙwari a bakin ruwa. In mun kama karfasa da ƙwai a bakinta, mu maida ta ruwa. Ɗan kifin bana shi ne miyar baɗi.

Tambayoyi

1. Me ɗan kifi ke ci kafin bakinsa ya buɗe?
2. Mene ne amfanin baƙin ido?
3. Don me ɗan kifin teku ke kiwo da rana?
4. Ina uwar karfasa ke aje ƙwanta?

Aiki

Ku ɗauki abin awo, ku ja layi mai tsawon milimetir 4 cikin littafinku. Tsawon ɗan kifin teku ke nan ran da ya fito daga ƙwai. Ku zana tarwaɗa da karfasa, ku gwada girman idanunsu.