Jif ta musamman ko ta gama-gari: wacce ta dace da mai zuwa aiki kullum?

A farkon 2024 kamfanin Jeep na Amurka ya sanar da cewa zai daina ƙera Wrangler mai injin V8. Ya fitar da wadda ya kira Rubicon 392 Final Edition, wato ta ƙarshe, ya ce guda 3,700 kacal zai yi wa duniya baki ɗaya, kowacce a kan sama da dala dubu 100. Mutane suka yi rububin saye, wasu don hawa, wasu don su ajiye ta yi tsada. Bayan 'yan watanni kamfanin ya ce saboda yawan masu nema, zai sake ƙera ta a 2025. Ta ƙarshe ta samu ƙanwa.

Duk mai tsaye a wurin dillalin motoci a Kano, Kaduna ko Abuja, yana kallon jif biyu masu jiki ɗaya amma farashi daban, ya kamata ya tuna da wannan labari. Ɗaya ta gama-gari ce. Ɗayar tana da tambari na daban a baya, baƙar fuska, jan ɗinki a kujeru, da ƙarin miliyoyin naira a kanta. Mai sayen kuwa, idan aka bi diddigi, tafiyarsa ba ta wuce gida zuwa ofis, kai yara makaranta, sai zuwa ƙauye da salla.

Kwalliya daban, ƙarfe daban

Motocin da ake kira na musamman iri biyu ne, kuma dillali ba zai raba maka su ba. Akwai waɗanda bambancinsu ado ne kawai: launi, tambari, fitila, tabarma. Lokacin da Toyota ta cika shekara 70 da fara ƙera Land Cruiser a 2021, ta fitar da motocin tunawa da hakan a ƙasashe da dama, kuma injinsu da giyarsu irin na sauran ne. Haka Land Cruiser 250 First Edition ta 2024, wadda aka yi guda 5,000 don kasuwar Arewacin Amurka, abin da ya fi fito da ita shi ne zagayayyun fitilu irin na da da wasu kayan ƙari.

Wani lokacin ma ana rage wa mai saye kaya ne a ƙara masa kuɗi. Land Cruiser Heritage Edition da aka sayar a Amurka a 2020 ta zo babu kujerun layi na uku, babu matakalar gefe. Ga mai shiga daji hakan riba ce, don babu abin da dutse zai kama. Ga mai iyali goma da tsohuwa mai ciwon gwiwa, hasara ce.

Iri na biyu su ne waɗanda aka canza musu ƙarfe da gaske. A nan ne Wrangler Rubicon da Land Cruiser 300 GR Sport suke, kuma a nan ne lissafin yake da wuya.

Abin da ake biya a GR Sport

Land Cruiser 300 ta fito a 2021. Kowacce daga cikinsu, har mafi araha, tayoyinta huɗu suna ja a koyaushe, tana da ƙaramar giya ta hawan tudu da fita daga laka, tana kuma da makullin tsakiya da ke tilasta wa gaba da baya su juya tare. Wannan kaɗai ya wadatar da mafi yawan munanan hanyoyin da mutum zai ci karo da su a damina.

GR Sport ta ɗora abu biyu a kai. Na farko makullai ne a tayoyin gaba da na baya. A mota ta yau da kullum, idan taya ɗaya ta faɗa laka ko ta ɗaga sama, ƙarfin injin yakan gudu wajenta, ta yi ta juyawa a banza, ta ɗaya gefen da ke kan ƙasa mai tauri tana tsaye. Makullin yana ɗaure su biyun su juya daidai, motar ta fita. Na biyu shi ne na'urar da Toyota ke kira E-KDSS, wadda ke sassauta sandunan da ke hana mota tangaɗi idan an shiga duwatsu, domin kowace taya ta taɓa ƙasa, ta kuma ɗaure su idan an hau kwalta.

Toyota ta ce ta ƙera ta ne da shawarar direbobinta na gasar Dakar, gasar da a da take ratsa Agadez da hamadar Tenere a Nijar kafin a ɗauke ta daga Afirka, yanzu kuma ake yin ta a Saudiyya tun 2020. Ga mai bin irin wannan rairayi, kayan sun cancanci kuɗinsu.

Matsalar ita ce makullan ba sa aiki a kan kwalta, kuma bai kamata a taɓa su a can ba. Wanda ya kulle tayoyin gaba ya yi kwana a busasshen titi, sitiyari zai ƙi shi, ƙarafan ƙasa su sha wahala. Ana amfani da su ne a tafiyar hawainiya, na 'yan mintuna, sannan a kashe. Mai zama a cunkoson Nyanya ko na Kurna zai iya shekara bai danna maɓallin ba. Makanikai ma kan ba da shawarar a riƙa kunna irin waɗannan na'urori lokaci-lokaci a kan turɓaya, don kada su ƙame saboda rashin aiki.

Akwai wuri ɗaya da GR Sport ta fi manyan 'yan uwanta na alfarma dacewa da titunan Najeriya: tana zuwa da wili mai inci 18, su kuma 20. Ƙaramin wili na nufin roba mai kauri, wadda ke shanye rami ba tare da ta fashe ba. Sai dai ƙananan samfuran ma irin wannan wilin gare su, a kan kuɗi ƙasa da nata sosai. A wasu kasuwanni kamar Ostireliya kuwa, kujeru biyar kawai GR Sport ke da su.

Mai, taya da kayan gyara

Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, babu mai sayen babbar mota bai tambayi yadda take shan mai ba. Tsakanin GR Sport da 'yar uwarta mai inji iri ɗaya babu wani bambancin a zo a gani. A wajen Jeep kuwa abin ya yi nisa. Bisa ƙiyasin hukumar kare muhalli ta Amurka, Rubicon 392 mai injin lita 6.4 tana cin kusan kilomita 6 da lita ɗaya, yayin da Wrangler ta gama-gari ke cin 8 zuwa 9. Ga mai yin kilomita 40 a rana, bambancin ya kai lita biyu kullum, kimanin lita 60 a wata, kuma wannan lissafin titi ne mai tafiya ba cunkoso ba.

Manyan tayoyi masu ƙusoshin roba suna burge ido, amma a kan kwalta suna kuka, suna ƙara shan mai, kuma irin na laka ba sa kama birki da kyau a jiƙaƙƙen titi. Maye gurbin guda huɗu ba ƙaramin kuɗi ba ne.

Sai ranar lalacewa. Fitilar Land Cruiser ko Prado ta gama-gari, ko bambarta, ana samunsu a Ƙofar Ruwa a Kano, a Panteka a Kaduna, a Apo a Abuja, sabo ko na hannu. Bambar GR Sport da fuskarta nata ne ita kaɗai. Idan mai Keke Napep ya goge ta, sai a jira oda daga Dubai, da kuɗin dala. E-KDSS kuwa ba aikin kowane gareji ba ne, sai mai kwamfuta da ya san ta.

Batun sayarwa daga baya shi ne hujjar da dillalai suka fi kafawa, kuma akwai gaskiya a ciki. Heritage Edition ta riƙe darajarta a Amurka, musamman da Toyota ta janye wannan samfurin daga can bayan 2021. Amma masu biyan wannan kuɗin suna neman motar da ba ta yi tafiya ba ne. Wadda ta shekara biyar tana zirga-zirgar makaranta, da kwarzane a ƙofa da tabon zoɓo a kujera, ta zama mota kamar kowace.

A kasuwar cikin gida akwai ƙarin haɗari. Sauya wa tsohuwar Land Cruiser fuska ta koma kamar sabuwa sana'a ce da ta kafu, kuma tambarin GR ana sayar da shi a kanti. Lambar jikin mota mai haruffa da lambobi 17 ita ce ke faɗin shekararta da ainihin samfurinta. Kafin a biya, a duba ta, a nemo maɓallan makullin gaba da na baya kusa da sitiyari, a kai motar kan turɓaya a danna su a ga ko fitilarsu ta tsaya.

Wanda gonarsa ke bayan fadama, ko ɗan kwangilar da ke kai kaya inda kwalta ta ƙare, ko ma'aikacin lafiya mai shiga rugage a watan Agusta, makullan nan za su fitar da shi ranar da babu tarakta kusa. Wanda ba ya barin gari sai da salla, ta gama-gari da tayoyi masu kyau za ta kai shi ƙofar gidansu, ragowar kuɗin kuma ya sayi man shekara biyu ko fiye.