Ekklesiyar 'Yan'uwa: Abin da Ya Riƙe Masu Bi a Shekarun Gudun Hijira

Ranar 29 ga Oktoba, 2014, mayaƙan Boko Haram suka shiga Kwarhi, wani ƙauye kusa da Mubi a Jihar Adamawa. Ƙauyen ba wani babba ba ne, amma a nan hedikwatar Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya take, wadda aka fi sani da EYN, a nan kuma makarantar Kulp take, inda ake horar da fastoci. Malamai da ɗalibai da iyalansu suka watse cikin daji, wasu suka bi ta duwatsu suka tsallaka Kamaru, shugabanni kuma suka mayar da ofis Jos na wucin gadi. A wannan shekarar an ƙone majami'u masu yawa a Gwoza da Madagali da Michika da Askira da Chibok, dubban masu bi suka zama 'yan gudun hijira.

Duk mai kallo daga nesa zai ɗauka ekklesiyar ta mutu ke nan. Ba ta mutu ba. Abin da ya riƙe ta kuwa ba gini ba ne, ba kuma kuɗi ba. Al'adu ne na yau da kullum waɗanda masu bi suka saba da su tun ana zaune lafiya: addu'ar safe a tsakar gida, karatun Littafi Mai Tsarki da Hausa, da taron Zumuntar Mata.

Tarihin EYN ya fara ne a Garkida ranar 17 ga Maris, 1923, lokacin da 'yan mishan biyu daga Amurka, Stover Kulp da Albert Helser, suka yi sujadar farko a gindin wata tsamiya. Cocin da ta turo su ta samo asali ne a Jamus a 1708, kuma tun farko an san ta da ƙin yaƙi da ƙin ramuwa. Suna dogara da huɗubar Yesu a kan dutse, wadda take cikin Matiyu sura 5 zuwa 7, inda aka umarci mai bi ya ƙaunaci maƙiyinsa, ya kuma yi wa mai tsananta masa addu'a. Har yau, idan za a ci Jibin Ubangiji, 'yan ekklesiyar sukan durƙusa su wanke wa juna ƙafa, kamar yadda Yohanna sura 13 ta ba da labari: maza wuri guda, mata wuri guda, mai kuɗi ya wanke wa talaka, malami ya wanke wa ɗalibinsa.

Mafi yawan mutanen EYN ba Hausawa ba ne. Bura ne da Margi da Kamwe da Kibaku da sauran ƙabilun kudancin Borno da arewacin Adamawa. Hausa ce ta haɗa su a majami'a. An buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, bayan doguwar wahalar da Dokta Walter Miller na Zariya da abokan aikinsa suka sha, aka kuma fitar da sabuwar fassara a ƙarshen shekarun 1970. Wannan littafi ne mai bishara yake ɗauka a keke zuwa ƙauye, shi ne kuma tsofaffi da yawa suka koyi karatu da shi. Da gudu ya kama, mutumin Michika da ya tsinci kansa a Yola ko Jos ko sansanin Minawao a Kamaru bai rasa inda zai yi sujada ba, domin harshen waƙa da na wa'azi ɗaya ne.

A gidajen masu bi da yawa, gari yana wayewa a taru. A rera waƙa ɗaya, a karanta 'yan ayoyi, mai gida ko uwargida ta yi addu'a, sannan kowa ya kama gabansa, wani gona, wani kasuwa, yara makaranta. Abin da ake roƙo a wannan addu'a ba ɓoyayye ba ne: ruwan sama a kan kari, kuɗin makaranta, takin zamani da ya yi tsada, yaro mai zazzaɓi, ɗa da ya gama karatu babu aiki. Idan an gaisa da mai bi aka tambaye shi ya gida, amsar da ta fi saurin fitowa ita ce, mun gode Allah. Da masifa ta zo, wannan taron na safe ya ci gaba a ajin makarantar da aka mayar masauki, da ƙarƙashin bishiya, da ɗaki guda da mutum goma sha suke kwana ciki.

Ba inda aka ga ƙarfin wannan tarbiyya kamar a dajin Sambisa. Daren 14 ga Afrilu, 2014, mayaƙan Boko Haram suka sace ɗalibai mata 276 daga makarantar sakandaren gwamnati ta Chibok, suka nufi wannan daji da su, kuma akasarinsu 'ya'yan EYN ne. Bayan an sako 21 a Oktoba 2016 da wasu 82 a Mayu 2017, sai labari ya fito cewa wasu daga cikinsu sun ɓoye Littafi Mai Tsarki, suna kwafar ayoyi cikin littattafan rubutun da aka raba musu, har da na Littafin Ayuba. Sukan yi waƙa ƙasa-ƙasa idan masu gadi sun yi nisa, su yi azumi tare, su raba ɗan abincin da suka samu. Ba malaman tauhidi ba ne. 'Yan mata ne da suka tashi suna jin waɗannan ayoyi a bakin iyayensu mata. A daidai lokacin, majami'un uwar cocin a Amurka kowacce an ba ta sunan yarinya ɗaya, ta riƙa ambatonta cikin addu'a.

Zaɓen Ayuba ba abin mamaki ba ne ga wanda ya san littafin. Labarin mutum ne mai tsoron Allah da ya rasa dukiya da 'ya'ya da lafiya, ya yi kuka, ya yi tambaya, bai kuwa saki Ubangijinsa ba. Haka Zabura take cike da koke-koke. Fastocin da suka yi aiki da 'yan gudun hijira sun gane cewa mai baƙin ciki yana bukatar a bar shi ya yi makoki kafin a ce masa ya yi haƙuri. Shi ya sa ekklesiyar ta shirya tarurrukan warkar da raunin zuciya, ta yi amfani da tsarin da aka gwada a Ruwanda bayan kisan ƙare-dangi na 1994. A irin wannan zama ne matar da aka kashe mata miji a gabanta take samun bakin faɗin abin da ta gani, kafin a zo maganar gafara.

Nauyi mafi girma ya faɗa ne a kan mata. Zumuntar Mata, da ankonsu da tulunsu da cakinsu, su ne ake gani suna rausaya ranar Lahadi, amma aikinsu na sauran kwanaki ya fi wannan yawa. Su ne masu zuwa gaisuwar rasuwa da kwanon abinci, masu kai ziyara asibiti, masu adashi, masu haɗa gayya a gonar wadda mijinta ya rasu. Dokta Rebecca Dali, 'yar EYN, ta ɗauki wannan hali ta faɗaɗa shi: ƙungiyarta ta riƙa tallafa wa marayu da matan da suka kuɓuta daga hannun Boko Haram, Kirista da Musulmi, waɗanda wani lokaci danginsu ma suke gudunsu. A 2017 aka ba ta lambar yabo ta Sergio Vieira de Mello a Janeba saboda wannan aiki.

Koyarwar ƙin ramuwa ba ta zo da sauƙi ba. Matasa da yawa sun tambayi fastocinsu: har yaushe za mu yi ta gudu? Wasu sun shiga aikin sa-kai na tsaron gari, kuma ana ci gaba da muhawara a kan iyakar kare kai. Amma shugabanni ba su sauya matsayi ba, wasunsu ma sun biya da rayukansu. A Janairu 2020 aka sace Rabaran Lawan Andimi, limamin EYN kuma shugaban ƙungiyar Kiristoci ta CAN a Michika. A bidiyon da masu garkuwa da shi suka fitar, ya yi magana a natse, ya nuna bai karaya ba domin komai yana hannun Allah, ya roƙi a kula da iyalinsa. Cikin watan aka kashe shi. Wata guda bayan haka aka kai hari Garkida kanta, aka ƙone majami'u.

Duk da haka jama'a sun koma. Bayan sojoji sun ƙwato yankin, shugabanni suka dawo Kwarhi sannu a hankali, kuma a Maris 2023 ekklesiyar ta yi bikin cika shekara ɗari. An sake ɗora jinka da kwano a majami'u da dama, sau da yawa da baikon talakawa da ƙwadagon matasa. Sashen agaji ya raba iri da taki da awaki, ya koya wa manoma noman waken suya domin su sami na cefane. Har yanzu ana kai hare-hare a ƙauyukan Chibok da Askira, har yanzu kuma akwai 'yan matan Chibok da iyayensu ke jira.

Waɗanda ba su iya komawa ba sun kafa sabon zama. A Gurku, cikin Jihar Nasarawa kusa da Abuja, wani ɗan EYN mai suna Markus Gamache ya jagoranci gina unguwa domin iyalan da suka tsere daga arewa maso gabas, bisa sharaɗin cewa Kirista da Musulmi za su zauna tare, tun da wutar ta ci ɓangarorin biyu. Iyalan da kansu suka buga bulo suka gina gidajen. Yau akwai majami'a da masallaci a unguwar, da makaranta da ɗakin shan magani, kuma yaran da aka haifa a can suna zama aji ɗaya.