Daga Nima Zuwa Paga: Yadda Ɗan Kasuwa Zai Samu Abincin Kirki A Ƙananan Garuruwa

Duk wanda ya taɓa yin sammako a unguwannin Nima da Mamobi da ke birnin Akra ya san yadda gari ke wayewa a can. Kafin a fito daga sallar Asuba masu koko sun kafa tukwanensu, ƙosai na ta soyuwa, mai wake da shinkafa kuma ta buɗe tukunya jama'a sun yi layi. Da rana ga tuwon zafi da miyar ayoyo, da dare kuma hayaƙin masu tsire ya turnuƙe bakin titi. Wanda ya tashi a nan bai san wahalar neman abinci ba, sai ranar da fatauci ya fitar da shi daga gida.

Wannan shi ne kukan da muke yawan ji a gidan rediyonmu daga 'yan kasuwa masu kawo albasa daga Nijar zuwa kasuwar Adjen Kotoku, inda aka mayar da 'yan albasa a 2021, da masu sayo tumatir a Burkina Faso, da masu kawo shanu Tulaku kusa da Ashaiman. Daga Akra zuwa Paga, kan iyaka da Burkina Faso, tafiyar kimanin kilomita 800 ce. A Kumasi da Tamale babu matsala, to amma mota ba ta zaɓar inda za ta lalace, yunwa kuma ba ta jira sai an shiga birni. Idan dare ya riske ka a ƙaramin gari, ina za ka dosa?

Amsar da muka samu a yawon da muke yi a wannan hanya tsohuwa ce: ka tambayi inda zango yake. Kakanninmu da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro su suka kafa wannan tsari, inda ayari ya yada zango nan ake samun mai masauki da masallaci da matan da ke dafa wa baƙi abinci. Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 fatake suka watsu zuwa garuruwa irin su Kete Krachi da Kintampo da Kumasi, suka tafi da al'adar. Shi ya sa a yau da wuya ka samu gari mai kasuwa a Ghana da ba shi da zango. Hatta sunayen abincin da 'yan ƙasar ke alfahari da su, wato wake da tuwon zafi da koko da ƙosai, daga bakin Hausawa aka same su. Don haka matambayi ba ya ɓata. Ka nufi masallaci, ka yi sallama, ka gaida dattawan da ke zaune, ka ce kai baƙo ne. Su za su nuna maka gidan da ake tuwo, ko da babu allo a ƙofarsa.

Hanya ta biyu ita ce bin sawun direbobin manyan motoci. Direban da ke bin hanya kowane mako ba ya komawa inda cikinsa ya taɓa ɓaci. Idan ka ga rumfa an jera manyan motoci a gabanta, ga kuma mutanen gari suna zuwa da kwanonsu, to ka tsaya. Amma rumfar da babu mai saye sai fasinjan da ba zai sake dawowa ba, a yi hattara da ita.

Lokaci ma abin lura ne. Wake da shinkafa abincin safe ne, mai kyau yakan ƙare kafin azahar. Wanda ka tarar da daddare, ka tambayi kanka tun yaushe yake cikin tukunya. Mu kanmu mun taɓa yin wannan ganganci a wata tasha, muka ci shinkafa mai sanyi da tsakar dare saboda yunwa da araha, sai da muka yi kwana biyu a kwance, aikin da ya kai mu kuwa bai yiwu ba. Ga ɗan kasuwar da ya ɗauko tumatir, kwana biyu a kwance na nufin uwar kuɗi ta ruɓe a bayan mota.

Idan mai karatu bai manta ba, a 2014 cutar kwalara ta kama fiye da mutum 20,000 a Ghana, ta hallaka sama da 200, kuma yankin Akra ne ya fi jin jiki. Gurɓataccen ruwa da abinci ke yaɗa ta. Don haka kafin ka zauna ka dubi ruwan da ake wanke kwanoni, ka duba ko abincin a rufe yake, ko akwai sabulun wanke hannu, ko mai zubawa da hannun da ta karɓi kuɗi take taɓa abinci. Majalisun gundumomi na buƙatar masu sayar da abinci su yi gwajin lafiya su karɓi takardar shaida, kuma babu laifi idan ka tambaya cikin ladabi. Abin da aka sauke yana tiriri a gabanka ya fi kowane kwanciyar hankali.

Sai batun nama. A rumfunan sakwara da ke tsakanin Akra da Kumasi ana yawan sa naman daji, wasu kuma har da alade. Musulmin da bai san wanda ya yanka ba, ya nemi kifi ko ƙwai ko wake, ko ya haƙura har ya samu mahaucin zango.

Kowane zango kuma da abin da ya fi ƙwarewa a kai. Nsawam da Nkawkaw sun yi suna wajen burodi, wanda ya dace da guzuri. Techiman da Kintampo ƙasar doya ce, soyayya ko dafaffiya. A Buipe da Yapei, inda ake haye kogunan Volta, kifi ake nema. Daga Tamale zuwa Walewale da Bolgatanga kuwa ga gasasshen zabo da tuwo da miyar kuka da fura da nono. A yankin Bolgatanga da Bawku kasuwa na ci ne bayan kwana uku-uku, kuma ranar kasuwa abinci ya fi yawa ya fi sabunta. Ka tambayi farashi kafin a zuba maka, ka riƙe ƙananan sidi a aljihu don kauce wa rigimar canji.

A ƙarshe muna kira ga sarakunan zango da limamai da iyayenmu mata masu sana'ar abinci su riƙe wannan amana da suka gada, domin baƙon da ya ci ya ƙoshi lafiya shi ne zai kai labarinku har Maradi da Kano. Ku kuma 'yan kasuwa, an ce da ruwan ciki ake jan na rijiya, amma a tabbatar ruwan mai tsabta ne. Allah Ya kai kowa gida lafiya, Ya sa albarka a cikin nema.