'Yan matan da ake haifa babu mahaifa

Yarinya ta kai shekara 15, ƙirji ya cika, amma shiru babu jinin al'ada. A wasu gidajen sai a ɗora wa iska, ko a kira wanzami.

Wani lokacin lalurar MRKH ce, wadda ke samun kusan mace ɗaya cikin 5,000. Ana haihuwar yarinyar babu mahaifa, gabanta kuma gajere, amma jikinta na samar da ƙwai.

Hoton ciki ne ke gano lalurar. Likitoci kan buɗa gaban sannu a hankali da wasu 'yan robobi, ko su yi tiyata, har ta iya zaman aure. A 2014 wata mai lalurar ta haihu a Sweden bayan dashen mahaifa.

Yankan gishiri kuwa ba ya kawo al'ada, yana ma iya jawo yoyon fitsari.