Amanar Shugaban Kamfani da Dukiyar Masu Hannun Jari: Misali Daga Kanada

Ɗaliban Hausa da yawa sun ci karo da muƙalar nan ta Kirk-Greene a kan mutumin kirki, wadda ta fito a 1974, inda gaskiya da amana suka zo a sahun gaba cikin halayen da ya lissafa. A aji mukan ɗauke su a matsayin halayen zaman tare, mu rubuta su a jarrabawa mu wuce. A wannan 'yar muƙala ina so in nuna cewa amana aba ce da ake iya ƙirga darajarta da kuɗi, kuma zan yi haka ne da labarin CannTrust, wani kamfanin noman tabar wiwi na ƙasar Kanada.

Kada mai karatu ya yi mamakin jin an ce kamfanin wiwi. A nan gida doka ta hana ta, amma Kanada ta halatta ta ga manya tun ranar 17 ga Oktoba, 2018, bisa sharaɗin cewa ba mai nomawa don sayarwa sai da lasisin Ma'aikatar Lafiya. Kamfanoni suka yi ta sayar da hannun jari, jama'a kuma suka yi ta rububin saye.

To, wane ne mai hannun jari? Shi ne wanda ya zuba kuɗinsa ya sayi wani ɗan kaso na kamfani. Mai dukiya ne, amma ba shi ke juya ta ba. Galibi bai taɓa taka harabar kamfanin ba, bai san fuskar ko ma'aikaci ɗaya ba. Shi da 'yan'uwansa sukan zaɓi daraktoci, daraktoci su naɗa shugaban gudanarwa, shi kuma shugaba ya riƙa ba da rahoton yadda abubuwa ke tafiya. Kamar dai mutumin birni ne da ya ba da kiwon shanunsa a ruga: abin da makiyayi ya gaya masa shi ne abin da ya sani. Bambancin kawai shi ne, mai shanu yana iya zuwa ya ƙirga kayansa, mai hannun jari kuwa sai takarda.

A kasuwancin wiwi wannan dogaro ya fi tsanani, domin babbar kadarar kamfani ba gona ba ce, ba kuma injuna ba. Lasisi ne. Da shi, ganyen da ke rumbu haja ce ta miliyoyi. In babu shi, ganyen nan dai haramtaccen kaya ne da ba a iya sayar da ko giram ɗaya. Saboda haka duk lokacin da shugaba ya ce kamfani yana bin ƙa'idar hukuma, yana magana ne a kan dukiyar mutane gaba ɗayanta.

A wancan lokacin CannTrust yana cikin kamfanonin da ake ganin girmansu. A 2018 ya ɗauko Peter Aceto, wanda ya taɓa shugabantar bankin Tangerine, ya ba shi ragama. Ina ganin wannan kansa ya kwantar wa mutane da hankali, don an san ma'aikacin banki da kiyaye doka. A watan Mayun 2019 kamfanin ya sayar da sababbin hannayen jari a kan dalar Amurka 5.50 kowane ɗaya, ya tara kusan dala miliyan 200.

Wata biyu bayan haka, ranar 8 ga Yuli, 2019, kamfanin ya sanar cewa masu binciken Ma'aikatar Lafiya sun same shi da noma a ɗakuna biyar marasa izini a rufaffiyar gonarsa da ke Pelham, a lardin Ontariyo, tsakanin Oktoban 2018 da Maris na 2019. Hukuma ta hana taɓa kimanin kilo 5,200, kamfanin da kansa ya jingine wani kilo 7,500. A ranar kaɗai farashin hannun jarin ya faɗi da fiye da kashi 20 cikin ɗari. Wani tsohon ma'aikaci ya yi zargin cewa an kafa bangon wucin gadi don ɓoye shuka, jaridu kuma suka buga cewa manya sun san abin da ke faruwa. Kafin ƙarshen watan daraktoci sun kori Aceto, sun kuma sa shugabansu, Eric Paul, ya yi murabus.

Daga nan sai abu ya yi ta bin abu. Kamfanin binciken kuɗi na KPMG ya janye rahotanninsa, wato ya ce kada a sake dogara da lissafin da ya sa wa hannu. A Satumba aka dakatar da lasisi. A Oktoba aka sanar za a lalata shuka da haja na kusan dalar Kanada miliyan 77. A Maris na 2020 kamfanin ya nemi kotu ta kare shi daga masu binsa bashi, daga baya kuma aka cire shi daga kasuwannin hannun jari na Toronto da New York. Kafin nan hannun jarin da aka saya dala 5.50 ya koma ƙasa da dala ɗaya. Ya kamata a sani kuma, idan kamfani ya durƙushe, masu bin bashi ake fara sallama, mai hannun jari shi ne na ƙarshen layi.

Sai dai akwai wani ɓangare na labarin da adalci ya hana in tsallake, kuma shi ya fi ɗaure mini kai. A 2021 hukumar kula da hannun jari ta Ontariyo ta gurfanar da Aceto da Paul da wani tsohon darakta, Mark Litwin, bisa tuhume-tuhumen da suka haɗa da zamba. Da aka zo shari'a, lauyoyinsu suka nuna cewa lasisin ya shafi gonar ne gaba ɗaya, kuma babban mai ba da shaida na masu ƙara ya amsa hakan. Hukumar ta ce ba ta da tabbacin samun nasara, a Disambar 2022 kotu ta wanke su su ukun.

Ke nan a idon shari'a ba su da laifi, kuma ba ni da hurumin cewa suna da shi. Amma kasuwa ba ta jira alƙali ba. Tsakanin sanarwar farko da hukuncin kotu shekara uku ce da 'yan watanni, alhali masu saye sun juya baya cikin 'yan kwanaki, da zarar sun fara shakkar cewa abin da ake gaya musu shi ne abin da ke cikin gona. Hukuncin ya wanke mutum uku, bai mayar da farashin inda yake ba.

Masu hannun jarin sun shigar da ƙarar haɗin gwiwa a Kanada da Amurka, aka yi sulhu, kamfanin ya zuba dalar Kanada miliyan 50 a asusun biyan diyya. Daga baya ya sake suna zuwa Phoena ya gwada farfaɗowa, amma a 2023 ya sake komawa kotu, ya fara rufe harkokinsa.